MU SAN JIKINMU: Awa Takwas Na Kwafar Littafin Gado

Wata 'yar'uwa daga cikin masu karanta wannan fili ta aiko da tambaya. Ta ce, me ya sa duk macen da ta je awon ciki sai an ba ta 'yar ƙwayar maganin nan da a ke kira folik asid, a ce ta sha kowace rana, alhali kuwa ba inda ke yi mata ciwo? Wani ɗan'uwa kuma yana so ya san dalilin da gashin kan mai karɓar maganin ciwon daji ya kan zube. Da ji sai ka ce tambayoyin nan biyu ba abin da ya gama su. Ashe kuwa uwarsu ɗaya ce. Dukansu suna komawa ga wani aiki da ke gudana cikin jikin kowane ɗayanmu dare da rana, ba tare da mun ji motsinsa ba. Sai ku yi haƙuri mu bi ta doguwar hanya, gama in ba a san aikin ba, amsar ba za ta zauna ba.

Jikin mutum an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su a ke kira ƙwayoyin halitta. A jikin baligi akwai kamar tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har 30. Dukansu kuwa daga ƙwaya ɗaya tak suka fito, wadda ta samu ranar da aka ɗauki cikinsa. Ɗaya ta rabu ta zama biyu, biyu suka zama huɗu, a haka har aka sami jariri. Rabuwar kuma ba ta ƙarewa don mutum ya gama girma. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5. Jar ƙwayar jini ta kan yi kamar kwana 120 sa'an nan ta mutu, saboda haka ɓargo yana fitar da sababbi fiye da miliyan 2 a kowane sakan.

A tsakiyar ƙwaya akwai wata cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wani zare siriri ƙwarai wanda masana ke kira DNA. Mu a nan bari mu ce da shi zaren gado, domin a jikinsa ne aka rubuta abin da mutum ya gada a wurin iyayensa: launin fata, irin jini, fasalin hanci, har da yadda hanta za ta yi aikinta. Zaren gida 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba, kowane gida a naɗe kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. In an warware su duka aka haɗa baki da baki, tsawonsu ya kai mita 2, ya fi dogon mutum, duk a cikin abin da ido bai iya gani.

Rubutun da haruffa huɗu kaɗai aka yi shi, A da T da G da C, farkon sunayen waɗansu sinadarai huɗu ke nan. Zaren kuma igiya biyu ce a murɗe da juna, kamar tsani wanda aka murɗa, kowace mataka haruffa biyu ne riƙe da hannun juna. Ga dokar da kome ya rataya a kanta: A ba ya riƙe kowa sai T, G kuma ba ya riƙe kowa sai C. Matakan nan sun kai biliyan 6 a ƙwaya ɗaya. In mutum ya zauna yana karanta ɗaya a kowane sakan, ba barci, ba cin abinci, sai ya yi shekara 190 kafin ya kai ƙarshe.

To, ga matsala. In ana rabon gona tsakanin 'ya'ya biyu, kowa ya ɗauki rabi, shi ke nan. Amma littafi ba a raba shi haka. Wanda ya sami rabin littafin girki ba zai iya tuwo da miya duka ba. Lalle ne kowace ɗaya cikin sababbin ƙwayoyin biyu ta tashi da cikakken littafi, saboda haka dole a kwafe shi duka tun kafin a rabu.

Yaushe ne a ke wannan kwafa? Tun 1882 wani masani Bajamushe, Walther Flemming, ya zana yadda ƙwaya ke rabuwa, gama wannan ana ganinsa da madubi. Amma rabuwar kanta ba ta fi awa guda ba, sauran lokacin kuwa ƙwayar tana nan shiru, har waɗansu suka sa masa suna lokacin hutu. Sai a 1953 wata masaniya 'yar Kanada, Alma Howard, da abokin aikinta Stephen Pelc, a asibitin Hammersmith na Landan, suka nuna ba hutu ba ne. Saiwar wani irin wake mai faɗi suka yi aiki da ita. Suka shayar da ita fosfaras mai haskawa, irin wanda ke barin tabo a fim ɗin hoto, gama duk inda a ke gina sabon zaren gado sai an sa fosfaras. Da suka duba sai suka ga ginin yana da lokacinsa na musamman a tsakanin rabuwa da rabuwa, da tazara a gabansa, da tazara a bayansa. Suka kira lokacin ginin S, tazarar farko G1, ta biyu G2, rabuwar kuwa ita a ke kira M. Sunayen da 'ya'yanmu ke haddacewa a makarantar sakandare ke nan har yau. A ƙwayar mutum mai rabuwa sau ɗaya a yini, G1 ya kan ci kamar awa 11, S awa 8, G2 awa 4, M awa 1.

A cikin shekarar nan ta 1953 kuma James Watson da Francis Crick a Kambirij suka bayyana siffar murɗaɗɗen tsanin, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ita ta rasu a 1958 tana da shekara 37, shekara huɗu kafin a ba su lambar Nobel, sunanta kuwa bai cika fitowa ba sai daga baya. Da ganin siffar, hanyar kwafar ta fito fili. A tsaga tsanin gida biyu a tsaye, kamar yadda a ke zuge zif. Kowane ɓari yana ɗauke da labarin ɗan'uwansa: inda ka ga A ka san T ne ya bar wurin, inda ka ga C ka san G ne. Sai a jera sababbin haruffa a gefen kowane ɓari bisa ga doka, tsani ɗaya ya zama biyu, kowanne rabinsa tsoho, rabinsa sabo.

Tunani mai kyau ne, amma tunani ba shaida ba ne. A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl a Kalifoniya suka kawo shaidar, ni kuwa ban san gwajin da ya fi wannan tsabta ba. Suka yi kiwon bakteriya cikin abinci mai naitirojin mai nauyi, har zaren gadonsu duka ya yi nauyi. Sa'an nan suka mai da su cikin abinci mai naitirojin marar nauyi. Bayan rabuwa ɗaya suka auna, sai ga zaren duka tsaka-tsaki, ba mai nauyi, ba marar nauyi. Bayan rabuwa ta biyu, rabi tsaka-tsaki, rabi marar nauyi. Daidai abin da za a samu ke nan in kowane sabon zare rabinsa tsoho ne.

Ma'aikatan da ke wannan aiki waɗansu furotin ne. Ɗaya yana gaba yana tsaga igiya, wani yana biye yana jera haruffa. Wannan na biyu, wanda Arthur Kornberg ya fara samun irinsa a 1956, shi ne magatakarda. Yana da wata taurin kai guda: gefe ɗaya kaɗai ya iya nufa, igiyoyin biyu kuwa kai da ƙafa suke kwance. Saboda haka a kan igiya ɗaya yana tafiya sumul, a kan ɗayar kuwa sai ya yi guntu, ya koma baya, ya sake wani guntu, kamar mai ɗinkin hannu, daga baya a haɗe guntayen. Miji da mata ne a Japan, Reiji da Tsuneko Okazaki, suka gano wannan a 1968.

Magatakardan yana rubuta kamar harafi 50 a sakan. Da ji ka ce sauri ne, amma yi lissafi. Gida mafi tsawo cikin 46 ɗin nan yana da mataka wajen miliyan 248. In daga wuri ɗaya aka fara, ana tafiya gaba da baya, sai an yi kusan wata guda a kansa. Ta yaya a ke gama kome cikin awa 8? Aikin gayya a ke yi. Wanda ya taɓa ganin gayyar noma ya san ba a sa kowa a kunya ɗaya. A kan rarraba mutane ko'ina cikin gonar, kowa ya yi ta noma har ya gamu da na kusa da shi. Haka ƙwaya ke buɗe wuraren farawa 30,000 zuwa 50,000, ba duka a lokaci ɗaya ba, waɗansu da wuri, waɗansu sai can wajen ƙarshe. In an haɗa aikinsu, ya fi mataka 200,000 a kowane sakan.

Gayya kuwa tana da haɗarinta, wani wuri a nome shi sau biyu, wani a tsallake. Maganin da ƙwaya ta yi wa wannan abin sha'awa ne. Tun a G1 ta kan bi wuraren farawa ta sa wa kowanne alama, kamar tikiti. Da an shiga S sai a rufe ofishin tikiti. Wurin da ya fara aiki tikitinsa ya mutu, ba kuwa mai ba shi wani sai bayan an rabu. Ta haka kowane harafi sau ɗaya a ke kwafarsa.

Kuskure fa? Magatakardan ya kan sa harafin da ba shi ba kamar sau ɗaya cikin 100,000. Mai buga tafireta da ya yi haka sai a ƙara masa albashi, amma a littafi mai haruffa biliyan 6 wannan kuskure dubun dubbai ne. Sai dai yana duba bayansa, in harafi bai zauna daidai ba ya cire ya sake, kuskuren ya ragu zuwa ɗaya cikin miliyan 10. Waɗansu ma'aikata kuma suna biye suna tsince abin da ya kuɓuce, har ya zama bai fi ɗaya cikin biliyan ba. Akwai kuma masu gadi a ƙofar S. In zaren ya lalace, wani furotin mai suna p53 ya kan tsai da ƙwayar har a gyara, in kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara ya sa ta kashe kanta. A kusan rabin cututtukan daji na 'yan Adam, mai gadin nan ne aka tarar ya lalace.

Mu da kanmu muna ƙara wa masu gyara aiki. Hayaƙin taba yana ɓata haruffa a huhu. Zafin rana yana ɓata su a fatar zabiya, shi ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu ba ado ba ne a gare su. Wanda ya fi kusa da kowane gida kuwa shi ne funfuna a gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba. Tana fitar da dafi mai suna afalatoksin, wanda ke manne wa zaren gado a cikin hanta, har ya kan ɓata rubutun p53 ɗin kansa. In ya tarar da ciwon hanta nau'in B a jiki, haɗarin ciwon dajin hanta ya ninka ƙwarai. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, uwargida, tsince ta a zubar. Dafuwa da suya ba su kashe wannan dafi, arha kuma ba dalili ba ce.

Ku lura da abu ɗaya. Magatakarda ba ya karanta ma'ana, kwafa kawai ya ke yi. Kuskuren da ya tsere wa masu gyara ya zama rubutu, za a riƙa kwafarsa da aminci kamar sauran. In a ƙwayar haihuwa ya faru, sai ya bi zuriya. Amosanin jini, wanda muke kira sikila, ke nan: harafi ɗaya, A ya koma T, a gida na 11, cikin umarnin yin jan sinadarin jini. A 1956 Vernon Ingram ya nuna cewa wuri ɗaya tak ne jinin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Canjin ya faru ne dubban shekaru da suka wuce, ya kuwa yaɗu domin mai ɗauke da kwafi ɗaya, watau AS, ya fi jure zazzabin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas a 1954. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, a 2006 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 150,000 a ke haifa da ciwon kowace shekara a ƙasar.

Saboda haka yaro mai sikila ba maye ne ya kama shi ba, ba kuma alhakin wani ne ke binsa ba. Dangin miji da ke ɗora wa matar laifi su ji da kyau: SS ba ya samuwa sai uba ya ba da S ɗaya, uwa ta ba da ɗaya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da ƙuri'a ɗaya cikin huɗu ta zama SS, kowane ciki kuwa da tasa ƙuri'ar. Samun ɗaya mai ciwo ba ya kāre uku na bayansa. Ekklesiyoyi da yawa suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, abu mai kyau. Amma a ganina mako biyu kafin biki an makara, an riga an kai kaya, zukata sun ɗaure. Saurayi da budurwa su san irin jininsu tun ba su fara neman kowa ba.

Yanzu mun iso ga tambayar 'yar'uwarmu. Gini sai da tubali. Harafin T jiki ba ya iya ƙera shi sai da folik asid, tare da taimakon bitamin B12 da a ke samu a nama da kifi da ƙwai da nono. In folik asid ya yi ƙaranci, ƙwaya ta shiga S ta maƙale. Tana ta girma amma ba ta gama kwafa ba, balle ta rabu. A ɓargo sai a sami jajayen ƙwayoyi manya-manya amma 'yan kaɗan, mutum ya ɗashe, ya riƙa haki. Irin wannan ƙarancin jini ne wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta tarar yana kashe mata masu ciki a Bambai ta Indiya. A 1931 ta ba da labarin cewa Marmite, wani abin shafa wa burodi da a ke yi da yis, yana warkar da su. Sai a 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa. Mai ciki tana gina jariri da mahaifa da ƙarin jininta a lokaci ɗaya, bukatarta ta fi ta kowa. Mai sikila ma haka, gama jajayen ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kaɗai su ke yi, ɓargonsa ba ya hutawa.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne zuwa kwana 28 da ɗaukar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ba tukuna. In bai rufe ba, a haifi yaro da buɗaɗɗen baya, ƙafafu a shanye, ko kuwa ba ƙwaƙwalwa. A 1991 wani babban bincike na Hukumar Binciken Lafiya ta Ingila ya nuna folik asid ya hana kusan 7 cikin 10 na irin wannan a wurin matan da suka taɓa haifar irin yaran. Wadda ta jira sai cikin wata biyar ta je awo, jininta zai amfana, amma maganar lakar jariri ta riga ta wuce. Amarya da duk mai sa ran haihuwa ta fara shan maikirogiram 400 kowace rana tun kafin ciki. Wannan magana ce da ta dace a yi ta a zumuntar mata. Wake da gyaɗa mai kyau da alayyafo da kuɓewa duk suna da shi, sai dai doguwar dafuwa tana cinye shi, zubar da ruwan dafuwar ganye kuma zubar da shi ne.

A kula da ƙarfin ƙwayar. Ƙwayar cutar zazzabi ita ma tana kwafar nata zaren gado, Fansidar da a ke ba masu ciki bayan wata uku na farko kuwa hanyar folik asid ɗinta ya ke toshewa. Babbar ƙwaya mai miligiram 5 kullum tana rage ƙarfin Fansidar, ƙaramar ba ta yi. Wadda ta taɓa haifar yaro mai buɗaɗɗen baya ita ke bukatar mai ƙarfi, ita ma sai likita ya tsara mata.

Amsar ɗan'uwanmu ita ce wannan maganar a juye. Ciwon daji ƙwayoyi ne da suka daina jin masu gadi, suna ta shiga S ba tsayawa. A Boston, likita Sidney Farber ya yi tunanin a ba su jabun folik asid, wanda zai shiga wurin na gaske ya toshe. A 1948 ya ba da labarin yara 16 masu ciwon dajin jini, 10 suka sami sauƙi na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba. Daga nan aka sami metotirekset, wanda a ke amfani da shi har yau. Ciwon nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mu ma muna ganinsa a nan, yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, saurin nan nasa kuwa shi ya sa magani ke narkar da shi da sauri. Amma magani bai san ƙwayar daji da ta gida ba, duk mai yawan rabuwa ya ke bugu. Su wa ke yawan rabuwa? Saiwar gashi, fatar baki, hanji, da ɓargo. Ga zubewar gashi, ga gyambon baki, ga zawo, ga ƙarancin jini. Gashin ya kan dawo bayan an gama.

Shi ya sa kuma a ke ba da maganin zagaye zagaye, sau da yawa mako uku tsakani. Ba duk ƙwayoyin ciwon ke cikin kwafa a rana ɗaya ba. Waɗanda suka tsira yau sai a tare su a zagaye na gaba, ɓargo kuma ya sami sararin farfaɗowa. Iyaye da yawa su kan ga kumburi ya sace bayan zagaye na farko su ɗauke yaro su koma gida, don kuɗi ko don tausayin wahalarsa. Waɗanda suka rage kuwa suna nan suna rabuwa, in ciwon ya dawo ya fi wuyar magani.

Wani magani mai suna haidiroksiyuriya yana rage wa ƙwaya haruffan gini a lokacin S, don ciwon daji aka fara ba da shi. Daga baya aka ga in an ba mai sikila kaɗan kaɗan, ɓargonsa ya kan koma yin irin jan sinadarin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Gwajin da aka yi a Amurka a 1995 ya nuna tashin ciwon ya ragu kusan rabi, an kuma gwada shi a Kano don kāre yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ba maganin saye a kemis a sha da ka ba ne, gama yana taɓa ɓargo, sai ana auna jini a kai a kai. Mai yaro SS ya tambayi likitan asibitin sikila ko ya dace da ɗansa.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba awa ɗayan nan ta rabuwa, da yadda a ke samun tagwaye.